Gari ɗaya, suna ɗaya, amma caji daban: me ke zaune a fuskar MXene ɗin nan?

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan gida, don Allah ina neman a fitar da ni daga duhu, abin nan sati uku ke nan yana ci min rai. Ina aiki a kan Ti3C2Tx ne, MXene ɗin taitaniyom, wato siraran fallaye na taitaniyom da kabon da ake gwadawa wajen ajiye caji, na haɗa kashi biyu kuma daga kwalba ɗaya na ɗebo garin Ti3AlC2 ɗin, wanda ake kira MAX, shi ake cire wa aluminiyom a samu MXene. Kashi na farko na cire aluminiyom da asid ɗin HF kai tsaye, na biyu kuma na yi da LiF haɗe da HCl. Na wanke su duka har pH ya daidaita, na yi ilektirod, na gwada a cikin asid ɗin H2SO4. To na biyun nan cajin da yake riƙewa ya kusa ninka na farko, zanen CV ɗinsa, wato zanen yadda wuta ke gudana in ana ɗaga bolt ana saukewa, yana da wani tozo babba a tsakiya, na farkon kuwa tozon da ƙyar ake ganinsa. A XRD, gwajin hasken X mai nuna yadda atam suka jeru, duka biyun layin nan na wajen digiri 39 ya ɓace, ke nan aluminiyom ya fita a duka. Na tambayi mai duba aikina ya ce min sinadaran fuska ne kawai ya wuce mitin. To ni fa ban gane ba, abu ɗaya ne, kabon da taitaniyom ɗaya ne, ta ina bambancin ya shigo?

Dakta_Ayon:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Amsar tana cikin sunan da kika rubuta da hannunki, duba ƙarshensa, Tx ɗin nan. Ƙaramin harafi ne amma shi ne gaba ɗaya maganar. Lokacin da aluminiyom yake tsakanin fallayen, shi ne ke riƙe da taitaniyom na sama da na ƙasa. Da asid ya cinye shi sai taitaniyom ɗin da ke fuska ya zama tsirara, hannunsa a sake, kuma ba zai zauna haka a cikin ruwa ba ko na daƙiƙa, duk abin da ya samu kusa zai cafke. Abin da ke kusa kuwa shi ne oksijin, da OH daga ruwa, da fulorin daga asid. Su ake tarawa a kira T, shi kuma x ɗin yana nufin ba a ƙayyade adadinsu ba. A 2011 ne Naguib da Barsoum da Gogotsi suka fara fitar da shi a Jami'ar Drexel ta Amurka.

To kashinki biyu sunansu ɗaya amma rigarsu daban. A 2016 mutanen Kambirij sun auna da NMR, gwajin maganaɗisu mai bambanta atam ɗin da ke jikin abu, suka ga wanda aka yi da HF fulorin ɗinsa ya kusa ninka na LiF da HCl sau huɗu, kuma OH bai kai yawan da ake zato ba, oksijin da fulorin ne suka fi yawa. A cikin H2SO4 kuwa oksijin ɗin nan shi ne ma'aikaci. In kika tura ilektiron cikin ilektirod, furoton daga asid sai ya zo ya maƙale a kan oksijin ya mai da shi OH, taitaniyom ɗin da ke ƙarƙashi ya karɓi ilektiron ɗin, in kika sauke caji komai ya koma yadda yake. Tozon da kike gani shi ne wannan cinikin. Fulorin ba ya karɓar furoton, ya dai zauna ya tare gurbi. Duk gurbin da fulorin ya zauna kin yi asararsa.

Mai_Tambaya:
Dakta a yi haƙuri da mu 'yan baya, ni ba fannina ba ne amma ina bin ku. Me ya sa fuska za ta yi wannan tasiri haka? Ai na ɗauka ainihin abu shi ne cikinsa, fuska kamar fenti ce kawai

Dakta_Ayon:
Tambaya ce mai kyau ɗan'uwa. A dunƙulen ƙarfe gaskiyarka ne, atam ɗin da ke fuska kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da na ciki. Amma wannan falle guda kaurinsa wajen nanomita 1 ne, jeri uku na taitaniyom da jeri biyu na kabon a tsakaninsu. Cikin jeri ukun nan biyu suna waje, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ke nan kashi biyu cikin uku na ƙarfen duk a fuska yake. Garafin, fallen kabon zalla, ma ya fi haka, atam ɗaya ne kaurinsa, ba shi da ciki sam, duk jikinsa fuska ce. Ka ga a nan in ka canza fentin ka canza gidan.

Tsohon_Lab:
Dakta ina girmama bayaninka kuma ban ce ƙarya ba ne, amma wlh kun yi saurin yanke hukunci, kuma wannan saurin shi ne ya cika takardun da ake bugawa a fannin nan. Yarinyar nan ta canza abu fiye da ɗaya ba ta sani ba. LiF da HCl ba fulorin kaɗai yake ragewa ba, yana barin ayon ɗin litiyom a tsakanin fallayen, litiyom kuma yana jawo ruwa ya shiga da shi, abin ya kumbura kamar yumɓu, ai shi ya sa a 2014 da Ghidiu ya fitar da hanyar suka kira shi yumɓu, har murza shi suke yi ya zama faifai, suka samu har farad 900, ma'aunin riƙe caji ke nan, a kowane santimita kubik. Na HF kuwa in ya bushe fallayen manne suke da juna, ƙwayar garin ta buɗe kamar littafin da ya sha ruwa ya bushe amma shafukan ciki a haɗe. To ko da fuskar cike take da oksijin, in furoton ba shi da hanyar shiga me zai yi? Ƙanwata kin faɗa mana layin digiri 39, ba ki faɗa mana na ƙasa ba, 002 ɗin mai nuna ratar da ke tsakanin fallaye, ina ya tsaya a kowanne?

Ɗalibar_Kimiyya:
Malam na duba yanzu, na HF yana wajen digiri 9, ɗayan kuma ya sauka ƙasa da 7. Gaskiya ban ba shi muhimmanci ba da, ni dai na ga 39 ya tafi na ce shi ke nan

Tsohon_Lab:
Yawwa. Kin gani ko. Digiri 9 na nufin daga falle zuwa falle wajen nanomita 1 ne, ƙasa da 7 kuwa kin doshi 1.3, bambancin nan na kusan 0.3 daidai yake da shimfiɗa ɗaya ta ruwa. Kuma furoton ba tafiya yake da ƙafarsa kamar sauran ayon ba, tsalle yake daga ƙwayar ruwa zuwa ta gaba, wannan ta miƙa wa waccan, shi ya sa ya fi kowa sauri. In babu ruwan nan a tsakani an yanke masa gada. Don haka ni a wurina kafin a ce fulorin ne sai an kawo hujja.

Dakta_Ayon:
Malam na karɓi gyara rabi, rabin kuma ban karɓa ba. Na yarda rata tana da nata kason kuma na yi kuskure da ban tambayi 002 ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa ruwan ya yarda ya zauna a wurin tun farko. Fuska mai oksijin da OH tana son ruwa, tana ƙulla zumunci da shi, kuma cajinta na negatif shi ke riƙe litiyom ɗin. Fuskar da fulorin ya yi wa yawa ba ta jan ruwa haka. Ke nan ratar da kake magana ita ma wani ɓangarenta 'yar fuskar ce. Sannan akwai shaida kai tsaye, a 2015 an bi taitaniyom da hasken X yayin da ake caji ana saukewa a cikin H2SO4 aka ga matakin oksideshan ɗinsa yana motsi, wajen ilektiron 0.1 a kowane atam. Wannan ba taruwar ayon ba ce a bakin ƙofa, musayar ilektiron ce ta gaske kuma ta kan oksijin take bi.

Tsohon_Lab:
Ai ban musa cewa oksijin ne ke karɓar furoton ba Dakta, wannan an gama shi. Abin da nake cewa shi ne a kashi biyun da ke gaban yarinyar nan ba ka san kashi nawa na bambancin ya fito daga fulorin ba, kashi nawa daga ƙofa a rufe. Kuma ga inda matsalar take, duk abin da za ka yi don ka gyara ɗaya sai ya taɓa ɗayan. Ka jiƙa shi a KOH, alkalin potasiyom, don ka kori fulorin, to potasiyom ya shiga tsakani ya buɗe rata. Ka gasa shi a cikin agon don fulorin ya tashi, kuma sai ka haura digiri 500 kafin ya fara tafiya sosai, to tun kafin nan ruwan tsakani ya ƙafe fallayen sun rufe. Ka sa TMAOH ka rarraba fallayen, shi ma alkali ne, ya canza maka fuskar. Na shekara ina wannan kokawa, kullum ka toshe nan can ta ɓalle. Sai ka ga mutum ya yi KOH ya samu ƙari ya rubuta kai tsaye cewa cire fulorin ne ya jawo, bai ko nuna 002 ba.

Anti_Sefti:
Ku dakata min kaɗan da muhawarar. 'Yata HF ɗin nan da wa kike yinsa? Ki gaya min gaskiya. Akwai man calcium gluconate a kusa da ke, kuma kin duba ranar lalacewarsa? HF ba kamar sauran asid ba ne da zai ƙone ki nan take ki ji ki wanke, wanda aka sirka yana iya taɓa fata ba ki ji komai ba sai bayan awanni, ya riga ya ratsa yana cin kalsiyom ɗin jiki har ya iya taɓa bugun zuciya. Kuma kar wani ya ruɗe ki da cewa LiF da HCl ba haɗari, HF ɗin ne dai yake haɗuwa a cikin kwalbar. Ba a sa shi a gilashi, roba ko Teflon, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, garin kuma kaɗan kaɗan ake zubawa don yana zafi yana fitar da haidurojin. Kar ki taɓa yi ke kaɗai.

Ɗalibar_Kimiyya:
Na gode Anti, mu biyu muke yi da mai kula da lab kuma man yana nan, amma gsky ban taɓa duba kwanan watan ba, gobe shi zan fara dubawa in sha Allah

Injiniya_Batir:
Ni ina ta karanta ku ina jira a zo inda ya shafe ni. Duk wannan magana a asid ce da ruwa. Ruwa kuwa kun san iyakarsa, a ƙa'ida bayan bolt 1.23 ya fara rabewa, shi kuma Ti3C2 ɗin in ka tura shi ɓangaren fositif kaɗan ya fara lalacewa, shi ya sa a negatif ake ajiye shi. Makamashin kafasita kuma rabin C ne sau V sau V, ke nan wanda ya ninka bolt ya samu ninki huɗu, wanda ya ninka farad ninki biyu kawai ya samu. Na kasuwa da ake yi da gawayin kabon a ruwan oganik suna kai 2.7. To tambayata, in aka bar asid aka koma litiyom ko sodiyom a ruwan oganik, oksijin ɗin nan da kuke yabo har yanzu shi ne gwani?

Dakta_Ayon:
Injiniya ka taɓo inda abin ya fi daɗi. A litiyom lissafin ya ɗan juya. Akwai lissafin kwamfuta na 2012 da kowa ke ambata, ya nuna Ti3C2 tsirara ba komai a fuskarsa zai iya ɗaukar cajin mAh 320 a giram, in aka rufe shi da fulorin ya faɗo 130, in da OH ne ya faɗo har 67. Ka kwatanta da garafait da ke cikin batirin wayarka, 372. Ka ga OH da yake cikin cinikin furoton a asid, a nan shi ne ya fi kowa ɓarna, haidurojin ɗin da ke kansa yana tare wa litiyom hanya kuma yana iya yin mu'amala da shi ta yadda ba ya dawowa. Oksijin zalla kuwa lissafin da aka yi daga baya ya nuna yana riƙe litiyom da kyau. Shi ya sa masu aikin litiyom suke gasa nasu a busar da shi sosai, OH biyu su haɗu su ba da ruwa ya tashi a bar oksijin. Ruwan tsakanin nan da Malam yake kira gada, a batirin litiyom guba ne, yana haɗuwa da gishirin LiPF6 ya haifar da HF a cikin batir.

Tsohon_Lab:
To ka ga a nan mun haɗu Dakta. Babu wata fuska da za a ce ita ce mai kyau shi ke nan, sai an ce mai kyau ga wane ayon, a cikin wane ruwa. Kuma ruwan ma kansa yana da baki a maganar. An gwada a 2019, gishirin litiyom ɗaya, MXene ɗaya, aka canza abin narkarwa kawai, a propylene carbonate litiyom ya tuɓe rigarsa ta ruwa a bakin ƙofa ya shiga shi kaɗai ya matso kusa da oksijin, cajin ya yi sama sosai, a DMSO kuwa ya shiga da rigarsa, rata ta buɗe amma cajin ya ragu don bai taɓa fuskar ba. Wannan ya koya min abu, ni da nake ta kare rata, ashe buɗewa da yawa ma ba kullum take riba ba. In ayon ya shiga da rakiyarsa yana shawagi a tsakiya, caji na bakin fuska kawai za ka samu, in ya tuɓe ya zauna a kan oksijin sai a yi musayar ilektiron.

Amma lissafin 2012 ɗin nan a riƙa faɗinsa da hattara, falle ɗaya ne a kwamfuta, mai tsabta, iri ɗaya tak a fuskarsa daga farko har ƙarshe. Wanda ke cikin kwalbarka gauraye ne, nan oksijin can fulorin, ga ramuka inda asid ya ƙwaƙule taitaniyom.

Mai_Tambaya:
To Malam ba za a iya yin wanda fuskarsa iri ɗaya ce ba a ga gaskiyar lissafin? ko a bar shi tsirara tunda shi ya fi ɗauka

Tsohon_Lab:
An yi, kuma a ganina shi ne babban ci gaban da aka samu tun 2014. Maimakon asid da ruwa sai aka koma narkakken gishiri. A 2019 wasu a Ningbo ta ƙasar Sin suka dafa MAX ɗin a cikin ZnCl2 mai zafi suka samu fuska ta kulorin, a 2020 aka faɗaɗa hanyar da CuCl2, ba fulorin ko ɗaya, kuma wanda aka samu ya ba da wajen mAh 200 a giram a litiyom da sauri mai kyau. A shekarar dai ɗakin binciken Talapin a Jami'ar Chicago suka yi da CdBr2 suka samu fuska ta buromin, shi kuma buromin riƙonsa ga taitaniyom ba ƙarfi, sai suka riƙa musanya shi, su cire su sa oksijin, ko salfa, ko seleniyom, ko teluriyom, ko NH, har da wanda suka bari ba komai. Abin da ya fi burge ni a aikin nan, a kan Nb2C, MXene ɗin niyobiyom, suka nuna cewa ko zai zama mai wuce da lantarki ba tare da turjiya ba a tsananin sanyi ko ba zai zama ba ya danganta da abin da ke fuskarsa. Ƙarfe ɗaya, kabon ɗaya. Wannan kam hujja ce tsaftatacciya kuma ta Dakta ce, na ba shi.

Tsirara kuwa ɗan'uwa ba ya zama a iska, da ya shaƙi oksijin ko danshi ya yi riga. Kuma na narkakken gishirin yana da nasa ciwon kai, ba ya son ruwa kamar na asid, rarraba fallayensa wahala ne, sai an wanke ƙarfen da ya rage kamar jan ƙarfe, wankin kuma yana ƙara masa oksijin.

Malamin_Fiziks:
Kun tsaya a MXene kamar shi kaɗai ne a duniya. Labarin nan ai tsoho ne. Garafin da Geim da Novoselov suka ɓanɓaro a 2004 a Manchester, a lissafi giram ɗaya yana da fili murabba'in mita 2630, aka ce zai ba da farad 550 a giram, aka yi ta murna. Da aka zo yi sai fallayen suka riƙa komawa suna mannewa suna zama garafait, rata nanomita 0.335, ba ayon ɗin da zai shiga da ruwansa. Aka koma garafin oksaid ta hanyar Hummers ta 1958, fuska cike da oksijin iri iri, yana narkewa a ruwa lafiya lau, ruwan batir yana jiƙa shi, amma lantarki ba ya wucewa don oksijin ɗin ya yayyanke hanyar ilektiron. Sai ka rage oksijin ɗin, in ka rage da yawa ya manne ya ƙi jiƙuwa, in ka bari da yawa ya ƙi wuce da wuta. Kuma ba duk oksijin ne ɗaya ba, irin na carbonyl da quinone yana karɓar furoton ya sake shi yana ƙara caji, wasu kuwa sai dai su jawo zubewar caji da iskar gas in bolt ya yi sama.

Inda MXene ya bambanta shi ne jerin taitaniyom da kabon na tsakiya yana ci gaba da wuce da lantarki ko da fuskar ta sha oksijin, an kai siemens 20,000 a santimita a masu kyau. Garafin ba shi da wannan gatan don hanyar wutarsa da fuskarsa abu ɗaya ne.

MoS2 kuma, fallen molibdinom da salfa, nasa salon daban, salfa ce a fuska ko yaya, amma yadda atam ɗin suka jeru ne ke canzawa. Tsarin 2H rabin mai wuce da wuta ne kuma ba ya son ruwa, in aka cusa masa litiyom ya juye 1T sai ya zama kamar ƙarfe, ya fi wancan wuce da wuta sau miliyan 10, ya koma son ruwa, a 2015 ɗakin binciken Chhowalla suka samu farad 400 zuwa 700 a santimita kubik da shi. Sai dai 1T ɗin ba ya son zama, zafi kaɗan ya fara komawa 2H. Kar a manta kuma batirin litiyom mai sake caji da Whittingham ya yi a shekarun 1970 da TiS2 ne, shi ma falle falle ne.

Injiniya_Batir:
Malam na ji daɗin wannan. Bari in ƙara abin da ke hana mu barci mu masu haɗa batir, wanda masu buga takarda ba su cika son nunawa ba, zagayen farko. Duk fuskar da ka buɗe, ruwan batir zai ruɓe a kanta a cajin farko ya yi wata 'yar fata da ake kira SEI, kuma litiyom ake ci wajen gina ta, ba ya dawowa. Garafait mai kyau asararsa a zagayen farko ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Kayan nan masu faɗin fuska da OH da fulorin da ramuka, sau da yawa kaso mai tsoka ne ke tafiya. A ƙaramin sel na gwaji da aka sa ƙarfen litiyom zalla a ɗaya gefen ba za ka ji zafin ba don litiyom ɗin ya yi yawa, amma a batir na gaske litiyom ɗin ƙidayayye ne daga katod yake zuwa. Sannan kauri, a shafa abu siriri kamar hayaƙi a ce ya yi gudu, mu kuwa muna buƙatar wajen miligiram 10 a murabba'in santimita, a nan fallayen kwance suke kan juna ayon sai ya yi ta zagaye kafin ya kai ƙasa. Na san an yi dabarar tsayar da su a tsaye a 2018 har kaurin maikuromita 200, amma yin haka a layin masana'anta wani aiki ne.

Inda nake ganin fuskar nan za ta yi rana shi ne sodiyom, tunda garafait ba ya karɓarsa sosai kuma sodiyom ɗin ya fi litiyom girma, 1.02 a kan 0.76 na angistirom, da kuma batirin salfa inda ake son fuska mai kama polysulfide ta hana shi yawo.

Ɗalibar_Kimiyya:
Kai na ƙaru wlh, Allah ya saka da alheri. Amma akwai abu ɗaya da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba. Na biyun nan, ruwansa da na ajiye a kan benci da farko baƙi ne mai ɗan kore in aka sirka, yanzu ya fara yin fari fari kamar an ɗiga madara, akwai kuma wani abu a gindin kwalbar. Ilektirod ɗin da na yi da shi jiya tozonsa ya ragu

Dakta_Ayon:
Ƙanwata wannan TiO2 ne, MXene ɗinki yana mutuwa a cikin kwalba. Ruwa da iskar da ta narke a ciki suna cinsa, daga gefen falle da wuraren ramuka suke farawa su yi ciki. Kin ga oksijin iri biyu ke nan, wanda ke zaune a fuska yana miki aiki, da wanda ya shige ya rushe ginin ya bar farin gari da ba ya wuce da wuta. A XPS, gwajin da ke ƙidaya sinadaran fuska, ki kula sosai kar ki haɗa su, mutane da yawa suna ganin oksijin ya ƙaru su yi murna alhali kayansu ne ya ruɓe. Wannan kwalbar ki bar ta, kar ki sa sakamakonta a lissafi. Sabo in kin yi ki busa masa agon ki rufe gam ki sa a firji a cikin duhu, ko ki tace shi ya zama faifai ki busar, busasshe ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Wasu suna sa sodium ascorbate ya tsare gefunan amma ke da kike nazarin fuska kar ki ƙara wani abu a kanta.

Tsohon_Lab:
Ga abin da zan yi in ni ne ke. Ki sake haɗa duka biyun a rana ɗaya don shekarunsu su zo ɗaya. Ki ƙara kashi na uku, HF ɗin dai amma ki zuba LiCl a ciki tun wajen zaizayar, wannan zai ba ki fuska mai fulorin da yawa amma da litiyom da ruwa a tsakani, ki tabbatar da 002 ɗinsa ya sauko kusa da na biyu. In na ukun ya kamo na biyu a caji, rata ce. In ya tsaya a baya duk da ƙofa a buɗe, fulorin ne, Dakta ya ci. Zato na zai faɗo a tsakani. Sannan ki gwada kowanne a ruwa biyu, H2SO4 da wani gishiri marar asid kamar MgSO4, a na biyun tozon zai ɓace zanen ya koma kamar akwati don babu furoton da zai hau oksijin, abin da ya rage na fili ne da hanya. Ki yi sikanin a hankali sosai, kamar milibolt 2 a daƙiƙa, sannan ki yi da gudu, in matsalar hanya ce bambancin zai ragu a hankali ya ƙaru a gudu, in gurbi ne babu to ko kin jira kwana ba zai cike ba. Nauyin ilektirod da kaurinsu su zama ɗaya. XPS kuma ki tuna nanomita kaɗan na sama yake gani kuma ba ya ganin haidurojin, raba O da OH da ruwa a cikinsa aikin fassara ne, ki dogara da rabon F da Ti ya fi tsayawa.

Dakta_Ayon:
Na sa hannu a wannan tsari. Abu ɗaya zan ƙara, ki ɗauki XRD na ilektirod ɗin bayan ya jiƙa a asid ba busasshe kaɗai ba, don wani lokaci na HF ɗin yana buɗewa da kansa bayan zagaye da yawa, ki lura ko cajinsa yana hawa a hankali daga zagaye zuwa zagaye. Kuma HF ɗin kashi nawa kika yi amfani da shi? don mai kashi 50 da mai kashi 5 ba fuska ɗaya suke bayarwa ba, mai ƙarfin ya fi barin fulorin ya fi yin ramuka

Ɗalibar_Kimiyya:
Mai ƙarfin ne Dakta, wajen 48. Kuma da ka faɗa na koma fayil ɗin, eh cajin na HF yana ta hawa kaɗan kaɗan har inda na tsayar, ni na ɗauka na'urar ce ba ta zauna ba na yanke. Zan bar shi ya yi ta zagayawa har ya tsaya da kansa wannan karon. LiCl muna da shi, MgSO4 sai na tambaya, in babu Na2SO4 zai yi?

Tsohon_Lab:
Zai yi. Ki dai auna pH ɗinsa kafin ki fara, kuma ki wanke sel ɗin sosai in kin fito daga asid, ɗigo ɗaya ya rage sai ki ga tozo inda bai kamata ba. Ki turo mana zanen guda shida a haɗe in kin gama, da 002 na jiƙaƙƙe da busasshe.